Bi Mboni da Gidan da Ke Gumi

Duk wanda ya taɓa tsallake kogin Pangani da safe ya san Bi Mboni, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar gajeruwar matar da ke zaune a gindin darbejiya kusa da inda jirgin fito yake tsayawa, da tanda a gabanta, tana juya vitumbua da tsinken ƙarfe. Masar shinkafa ce da ake kwaɓawa da madarar kwakwa, kuma a garinmu mutum bai karya ba in bai ci biyu ba. Shekararta talatin da huɗu a wurin nan. Matuƙan jirgin sun sake sau nawa, jirgin ma an sake shi, ita tana nan.

Daga wani ƙauye can wajen Muheza aka kawo ta aure tana budurwa. Mijinta mai hawan kwakwa ne, mutum mai fara'a wanda abin duniya ba ya zama a hannunsa. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi ɗansu Mhina yana aji uku. Daga nan Bi Mboni ta shiga yawon haya. Ɗaki goma sha ɗaya ta zauna a garin nan, kuma in kana so ta ɓata maka rana, ce ta lissafa maka su. Akwai wanda mai gida ya tashe ta saboda ɗansa zai yi aure. Akwai wanda matar gida ta ce hayaƙinta na damun ta. Akwai wanda ita ta fita da ƙafarta, don mai gidan ya fara yi mata sallamar da ba ta gane ba.

Duk inda ta koma, akwai abu ɗaya da ba ta yarda mai kura ya ɗauka. Wani akwatin katako ne ɗaure da igiyar kwakwa, ita ke ɗora shi a ka. A ciki akwai kwanukan tangaran guda bakwai masu zanen shuɗi, kowanne naɗe cikin tsohon zani, waɗanda uwarta ta ba ta ranar da za ta bar gida. A ɗakin mijinta ta taɓa jera su. Ranar da ta bar ɗakin ta naɗe su, ba ta ƙara kwancewa ba. Ko Mhina ya girma ya manta kamanninsu. In ya tambaya sai ta ce masa tangaran ba ya zaman haya, ranar da ta sami bangon kanta zai gan su.

Mutane sun ɗauka magana ce kawai irin ta masu haya. Ba su san matar nan tana zubin adashi tun kafin a haifi wasunsu ba. Ba ta ɗinkin salla, ba ta ankon biki, shayinta ma sukari rabin cokali. Da ta kai shekara hamsin da takwas sai aka ji wai Bi Mboni na neman gidan saye, kuma ba a bayan gari inda ake yanka filaye ba, a tsohon gari, cikin gidajen dutse. Ta ce ƙafafunta ba za su iya tafiyar bayan gari da kayan suya ba, kuma ita bulo bai taɓa burge ta ba.

Wani dillali da ake kira Sudi ya nuna mata gidan. Ɗaki uku ne da tsakar gida da rijiya, a wani lungu bayan masallaci, ƙofarsa ta katako mai sassaƙa wadda ta girmi kowa a unguwar. Magada suka bar shi a kulle shekaru, sannan suka gyara don sayarwa. Gyara kuwa an yi shi. An yaɓe bangon da siminti ciki da waje, sumul kamar ƙwai, an shafa fenti ruwan toka mai sheƙi. Gidajen da ke gefensa sai suka koma kamar marasa lafiya, farar ƙasarsu duk ta yi dabbare-dabbare.

Kada wani ya ce Bi Mboni ta yi cinikin biri a sama. Binciken da ta yi wa gidan nan ko mai neman auren 'yarta ba za ta yi wa fiye da haka ba. Ta ji cewa magadan su shida ne, biyar suka sa hannu, na shidan yana Mombasa. Sudi ya ce ai an yi waya da shi. Ta ce zuwa da kai ya fi aike, ta rufe tanda kwana uku, ta hau mota ta tsallaka iyaka, ta ji daga bakin mutumin, ta dawo da sa hannunsa. Ta je ofishin filaye sau huɗu har ma'aikatan suka fara ɓuya in sun hango ta. Ta bi ƙofofi da tagogi da tsinken suyarta tana tsokana, ko gara ta ci cikinsu. Ta leƙa masai da tocila. Ta ɗebi ruwan rijiyar ta dafa shayi ta ji ko da gishiri. Ta zauna da tsofaffin matan lungun ta tambaye su ko an taɓa jin motsin aljanu, suka ce aljanin unguwar ɗaya ne, yana gidan da ya rushe a kusurwa, kuma ba ruwansa da kowa.

Bango ne kaɗai ba ta tuhuma ba. Me za a tuhuma a sabon siminti? Shi ne ma abin da ya fi kwanta mata a rai.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata ta tambaya, ba ta tambaye shi ba saboda tsiyar da ke tsakaninsu. Fundi Kibwana tsohon magini ne, daga cikin 'yan kaɗan da suka rage waɗanda suka koyi ginin dutsen teku da farar ƙasa a hannun iyayensu. Ido ɗaya ya yi masa hazo, aikin ma ya daina zuwa tun da siminti ya cika gari. Kullum da safe sai ya zo gindin darbejiya ya sayi vitumbua biyu, ya ɗaga ɗaya sama ya ce wa jama'a su shaida, wannan a da ya kai tafin hannu, yanzu ga shi ya koma maɓallin riga. Ita kuma ta ce masa idonsa ne ya ƙanƙance. Shekara ashirin suna wannan.

Ranar da labarin gidan ya kai masa, bai yi maganar maɓalli ba. Ya tsaya yana taunawa, sannan ya ce, "Maman Mhina, jira damina."

"In jira damina ta yi mini me? Shuka zan yi a ciki?"

"Tsohon gida ba a sayen sa da rani. Da rani kowane gida mutumin kirki ne."

Ta ce masa ya matsa ya tare mata masu saye. A ranta ta ɗauka baƙin ciki ne na tsohon da ba a kira shi aikin ba. Ga kuma Sudi yana zuwa safe da yamma, wai wani mutumin Dar es Salaam ya ga gidan yana so ya mai da shi masaukin baƙi, in ta yi sanya zai wuce ta. A watan Fabrairu, rana na dukan gari kamar ta fasa kai, Bi Mboni ta karɓi mabuɗi.

Ranar da ta tare, ta shiga da akwatin a ka, ta ajiye shi a ɗakin baya. Ba ta kwance ba. Ta ce sai Mhina ya sami hutu daga garejin da yake aiki a Tanga, a tara mutane a karanta Maulidi, a ci pilau, dafa-dukan shinkafar garinmu, sannan a buɗe. Wanda ya jira shekara ashirin da wani abu, wata uku ba komai ba ne. Makonnin nan ta yi su cikin wani farin ciki da ita kanta ya ba ta kunya. Sai ta rufe ƙofa ta buɗe, ta sake rufewa, don kawai ba mai tambayar ta dalili.

Ruwa ya sauka a ƙarshen Maris. Mako na farko ba a ga komai ba. A na biyu ta lura bangon ɗakinta ya yi duhu daga ƙasa har gwiwa. A na uku fentin ya fara bororo, in ta latsa da yatsa ruwa ya fito, gefen wurin kuma wani farin gishiri ya tsiro kamar kanwa. Zannuwanta suka fara wari. Ta sa tsumma ta goge bango da safe, kafin ta dawo daga bakin kogi ya sake jiƙewa. Ta hau ta duba kwanon rufi, ba ya yoyo ko ɗigo ɗaya. Ruwan daga cikin bangon yake fitowa, kamar gumi.

Wata Talata da hantsi, tana tsakar gida tana tsane shinkafa, ta ji ƙara daga ɗakin baya kamar an kayar da buhu. Ta tarar da ƙura ta turnuƙe. Azara biyu daga cikin itatuwan da ke riƙe da daɓen sama sun zame daga bango, duwatsu da ƙasa sun zubo, kuma ba su sami inda za su sauka ba sai kan akwatin. Ta tone shi da hannu. Murfin ya lotsa. Da ta ɗaga shi ta ji wani abu ya yi ƙas-ƙas a ciki.

Ta zauna a ƙasa da akwatin a cinya ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Ba ta buɗe ba. Tsoro take ji, kuma alkawarinta bango ne na kanta, wannan kuwa ba ta san ko zai kai baɗi a tsaye ba.

Mhina ya zo washegari. Yaron kirki ne, yana son uwarsa, amma ya zauna a birni. Ya zagaya gidan yana tsaki, sannan ya kawo shawara biyu. Ko dai a ƙara siminti mai ƙarfi a toshe ko'ina, ko kuma, abin da ya fi, a lallaɓa har rani, a gyara rufin, a sake fenti, a nemo mutumin Dar es Salaam ɗin nan in ma akwai shi. Yadda aka yi mata haka za ta yi wa wani, ai duniyar ke nan.

Ta dube shi ta ce, "Babana, shekara talatin da huɗu ban taɓa sayar wa mutum kwanan ƙullu na ce masa na yau ne ba. Da tsufana zan fara da gida?"

Ya ce to ta zauna rufi ya faɗo mata. Ta ce ya je ya kira mata Fundi Kibwana. Wannan aiken ya fi mata ciwo fiye da tafiyar Mombasa.

Tsohon ya zo da sandarsa, kuma Allah ya sa bai ce ai na faɗa miki ba, ko da yake fuskarsa ta faɗa. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da gindin wuƙa, kunnensa a jingine. Wani wuri ya amsa da ƙarfi, wani wurin ya amsa kamar ganga. Ya sa Mhina ya fasa masa tafin hannu ɗaya na simintin. Abin da ke baya ya fito jiƙe sharkaf, ƙasar da ke riƙe duwatsun ta zama kamar kunu. Ya zaro guntun azarar da ta faɗo, ya nuna musu kanta da ke cikin bango, ya murtsuke shi da yatsu biyu.

Ya yi musu bayani a hankali. Dutsen teku ramuka gare shi kamar soso, yana shan ruwa daga ƙasa tun ranar da aka aza shi. Mutanen da sun san haka, shi ya sa suke yaɓe shi da farar ƙasa, wadda ke barin danshi ya fita iska ta kwashe. Gidan nan ya fi shekara ɗari yana sha yana fitarwa bai faɗi ba. Da aka rufe shi da siminti da fentin mai, ruwan ya rasa hanya, ya yi ta hawa sama har ya kai kan azara ya ruɓar da su. Gidajen maƙwabta da ta raina saboda dabbare-dabbare, lafiyarsu ce take gani.

Mhina ya ce wannan zancen tsofaffi ne, ta yaya bango zai yi numfashi. Idon Bi Mboni kuwa na kan randarta da ke kusurwar tsakar gida, wadda bayanta kullum a jiƙe yake, ruwanta kuma kullum da sanyi. Ta tuna wata maƙwabciya a ɗakin haya na shida da ta shafa wa randa fenti don kwalliya, ruwan ya koma ɗumi yana wari, aka jefar da ita.

"Fundi, gidan zai tashi?"

"Zai tashi in kin tuɓe shi. Duka, ciki da waje. Ki bar shi tsirara ya sha iska wata shida ko fi. Za a yi miki dariya."

"An daɗe ana yi. Kai ne ma shugabansu."

Dariya kam an yi ta. Da aka fara sassaƙe simintin, gidan da ya fi kowanne kyau a lungun ya koma kamar kango. Mata masu wucewa suna cewa Bi Mboni ta sayi gida da rigarsa ta tuɓe masa. Wani ya tambaye ta a bakin kogi ko gwal take nema a bango. Sudi ya daina bin hanyar darbejiya gaba ɗaya, ya koma karyawa da burodi. Ita kuwa ta tattara kanta a ɗakin gaba, wanda Fundi ya tokare rufinsa da itatuwa, akwatin a ƙarƙashin gado.

Farar ƙasar ma ba a kanti aka sayo ta ba. Fundi ya ce ta buhu ba ya yarda da ita. A wani fili bayan gari ya sa aka jera gungumen kwakwa, aka tula duwatsun teku a kai, aka cinna wuta ta ci kwana biyu. Bi Mboni ta tsaya tana kallo, ta ce yau ta ga mai haƙurin da ake cewa yana dafa dutse, ashe wani tsoho ne mai rowar yabo. Aka kwaso ƙonannun duwatsun aka zuba a ramin da aka haƙa a tsakar gidanta, aka kwarara ruwan rijiya, ramin ya tafasa yana huci. Ta ɗauka gobe za a fara yaɓe. Fundi ya ce sai ta kwana a ruwa wata shida, ubansa ma shekara yake ba ta. Aikin Bi Mboni shi ne kada ta bari saman ramin ya bushe.

Ta riƙe wannan aiki kamar mai kiwon jariri. Kullum kafin ta ɗauki tanda sai ta ja guga huɗu ta zuba. Akwai safiyar da ta tsaya a bakin ramin, ta dubi bangayenta masu ramuka. Shekararta kusan sittin, duk abin da ta tara yana cikin wannan kangon, kuma amanarta tana hannun tsoho mai ido ɗaya da rabi. Ta zuba ruwan ta tafi wurin suya.

Mhina ya yi fushi na wata biyu, sannan wata Lahadi aka gan shi ya sauko daga motar Tanga da guduma da kurfi a jaka. Bai ce ya yarda da zancen numfashi ba, ya ce dai ba zai bari a ce uwarsa na biyan 'yan ƙwadago yana raye ba. Daga nan kowace Lahadi yana zuwa. Shi ne yana sassaƙar bangon babban ɗaki kurfinsa ya zurma ciki. Ya ɗauka ya yi ɓarna. Fundi ya zo ya laluba da hannu, ya ce ya bi a hankali. Alkuki ne, an cika shi da tarkace an shafe. Gefensa akwai wani, sama da shi akwai wani. Kafin la'asar sun tono guda tara a jere uku-uku, kowanne da 'yar baka mai ado a samansa, irin waɗanda matan zamanin da kan jera kayan ɗaki a ciki. Masu gyaran sun ga cike su ya fi sauƙi a kan gyara su.

Bi Mboni ta dawo ta same su. Ta daɗe tana kallo, ta sa hannu cikin ɗaya ta auna zurfinsa da tafinta. Ranar Fundi ya tafi gida da vitumbua goma a ƙunshe.

Ƙaramar damina ta ƙarshen shekara ta zo ta wuce, bangon ya jiƙe ya bushe da kansa. Da rani ya kama sosai aka sauya azara goma sha huɗu, aka fara yaɓe. Farar ƙasar ta fito daga rami laushi kamar man shanu. Fundi ya haɗa ta da yashin kogi da aka wanke, yana shafawa siriri, ya bari ya sha iska, ya sake wani a kai. Ba a gaggauta shi, in an yi magana ya ce siminti na nan a kanti ga mai sauri. Alkukan ya bar wa kansa, yana bin adonsu da yatsa da wata 'yar wuƙa, fuskarsa kusan manne da bango.

Aka gama a Fabrairu, shekara guda cif da karɓar mabuɗi. Mhina ya ce a sa ranar Maulidi. Uwarsa ta ce a'a, a jira damina. Fundi da ke wanke hannu ya yi dariya har ya ƙware.

Ruwan shekarar ya yi yawa, har jirgin fito ya yi kwana biyu bai tsallaka ba. Kowace safiya Bi Mboni na tashi ta bi bango da tafin hannu, ɗaki-ɗaki. Can ƙasa yakan yi ɗan duhu in an kwana ana ruwa, kafin azahar ya washe. Sama a bushe, da sanyi kamar bayan randa. Ba wari. Ta ba shi mako shida cur tana neman laifinsa, ba ta samu ba.

Aka yi Maulidin a tsakiyar Mayu, ana yayyafi. Da aka ci pilau mutane suka ragu, ta jawo akwatin zuwa babban ɗaki. Igiyar ta ƙi kwantuwa, sai da Mhina ya yanke ta. Ta riƙa ɗaukowa ɗaya-ɗaya tana warware zannuwan. Na farko lafiya. Na biyu lafiya. Na huɗu ne ya fito gida uku. Sauran duk lafiya, shuɗinsu kamar jiya aka zana.

Ta jera shida a alkukai shida. Gutsattsarin nan uku ta haɗa su ta sa a na bakwai. Wata maƙwabciya ta ce ai fasasshe ba a jera shi, ta ce wannan shi ya tare wa 'yan'uwansa dutse, ya fi su cancantar wuri. Biyu suka rage babu komai. Fundi ya matso da idonsa mai kyau ya duba, ya ce kwanukan ba laifi, sai dai shi ya ɗauka sun fi haka girma, ashe abin a jinin gidan yake. Ta ce masa ya fita mata daga gida. Ta faɗi kalmar gidan da ƙarfi, ta kuma maimaita.

Mhina ya tsaya yana kallon kwanukan da ya yi shekara ashirin da wani abu yana jin labarinsu. Can ya sunkuya ya ɗauki akwatin, ya tattara guntayen igiyar, ya tambaye ta inda zai adana shi, ko a gyara murfin saboda wata rana in za a kwashe kaya.

"Wane kwashe kaya?" in ji Bi Mboni. "Kai shi tsakar gida ka faskara mini. Gobe da shi zan yi suya."